Gidaje Uku na Fitilar Douro

Kakana Belmiro ya ce gidan farko ɗaki ne kawai
a saman shagon mai busasshen kifi,
a bakin Douro, inda Porto ke wanke ƙafafunta.
Matakala goma sha bakwai, ta tara a karye.
Duk labarin da ya sauko daga can
da ƙarnin kifi yake shiga gari.
Shi ke tsintar haruffan dalma ɗaya bayan ɗaya
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa,
yana karanta duniya a juye,
har ya mutu bai yarda da zancen da ya zo a miƙe ba.

Shekarar da kogi ya fusata ya hau matakala,
a ta takwas ya tsaya.
Kakana ya ce karayar ta tara ce ta tsorata shi.
Washegari jarida ta fito shafi guda,
a jiƙe, amma ta fito.

Gida na biyu shi ne nawa.
Dutse aka saro daga tuddan arewa,
bene huɗu, hasumiya da agogo a ka,
agogon da ya riga gari da minti uku
don kada 'yan rahoto su makara.
Magininsa, Aurélio Pimentel, ya rantse
kowane ɗaki sai ya ga rana.
A zaure ya manne bango da tangaran shuɗi da fari:
jiragen ruwa, mata da kwandon kifi a ka,
da wani yaro, jarida a hammata, baki a buɗe,
shekara tamanin bai gama kiran kanun labari ba.

Injin yana can ƙarƙashin ƙasa.
Ƙarfe ɗayan dare in ya yi gyaran murya
sai kofin gahawata ya kama hanya a kan tebur,
ni kuwa in tare shi da gwiwar hannu ba tare da na duba ba.
Ni ce Ermelinda ta bene na uku,
shekara talatin da ɗaya ina farautar kuskure.

Akwai wani ɗaki a ƙarshen baranda
wanda ba ya cikin zanen magini.
Da katako aka yanka shi, zamanin kulle baki.
Mai shuɗin fensir ke zama a ciki,
ya gaishe mu da ladabi, ya tambayi yara,
sannan ya datse mana harshe layi-layi.
Shi kaɗai ne ɗaki mai duhu.
Watan Afrilun da bindigogi suka yi fure
muka ɓalle katakon da ƙafar kujera,
sai ga taga a baya, ƙura ta rufe ta.
Ashe Pimentel bai ci rantsuwa ba.

Gida na uku akwatin gilashi ne
a bakin babbar hanya, kusa da filin jirgi.
Jikata Benedita na aiki can.
Taga ko'ina, babu wadda ke buɗuwa.
Na sa tafin hannu a ƙasa, ban ji komai ba.
Ta ce, Kaka, yanzu labari ba ya da nauyi.
Na ce, na lura.

Gidana kuwa otal ya zama.
Inda injin ke ruri, baƙi ke ninƙaya.
Jiya na shiga, na sayi gahawa da kuɗin jaridar mako,
kofin ya zauna daram kamar an kafe shi.
Na haƙura da wannan.
Agogon ne ya tsaya mini a rai:
sun gyara shi, yanzu daidai yake da kowa.

A bakin ƙofa sun kafa allon tagulla
mai ba da tarihin gidan.
Layi na huɗu, sunan magini, harafi ɗaya ya ɓace.
Yaron bango na kallona, bakinsa a buɗe.
Na laluba jaka.
Fensirina yana nan.